Gurasar Kwara

Daga asibitin ido muka fito,
Baba da auduga manne a idon hagu,
ni da takardar magani a jaka.
Motoci sun cushe a gadar Falomo, ba gaba ba baya,
na ce mu ratse mu sa wani abu a ciki.
Ya ce, "A Ikoyi? Jummala, kuɗi ne ke cizonki?"

Wurin ba wata ƙasaita.
Tebur tara, kujerun kaba,
janareta na gunaguni a bayan gida.
A waje manyan motoci sun jeru
kamar shanun da aka kawo mashaya.
Wasu samari na zuƙar shisha a lungu,
hayaƙinsu na ƙamshin tuffa,
Baba ya kawar da kai, ya gyara zaman hula.

Bolaji mai kawo abinci ya jera ƙananan kwanoni
har tebur ya rasa wurin gwiwar hannu.
Baba ya leƙa da ido ɗaya:
"Duk wannan miya ce? To ina tuwon?"
Ga wake da riɗi an niƙa sun yi sulɓi,
man zaitun ya kwanta a tsakiya.
Ga ganye da tumatir, lemon tsami ya ratsa su.
Ya ɗanɗana, ya ce, "Kwaɗo ne da ya yi boko."
Ga tsire, amma ba ƙuli, ba yaji,
wannan ko sharhi bai samu ba.

Sai gurasa ta iso daga tanda,
a kumbure, tana huci.
Ya yage gefe. Bai kai baki ba.
Ya riƙe ta dab da hanci
har na zaci ciwon ne ya motsa.

"Ina ɗan shekara sha huɗu," in ji shi,
"ni ke sauke dilar atamfa a kantin Fu'ad.
Azahar na yi, matarsa za ta aiko da wannan
a naɗe cikin farin ƙyalle.
Mu muna bakin ƙofa, kan benci.
Shekara tara ina shan ƙamshin nan,
sau biyu ta taɓa harshena."

Ban san wannan ba.
Na san shi da shago nasa, da yara nasa,
ban taɓa tambayar kan da ya ɗauki kayan farko ba.

Tsohuwar da ke bakin akwatin kuɗi
ta sauke tabarau, ta taso tana jan ƙafa.
"Malam, wannan bakin na Kano ne."
A Fagge aka yanke mata cibi, in ji ta,
Hausarta tsohuwa, ta zamanin sule da fam.
Baba ya ce ko ta san Fu'ad.
Ta yi dariya: "Fu'ad nawa ne a Kantin Kwari!"
Suka yi ta musu kan wane layi ne ke da famfo,
ba wanda ya sakar wa wani.
Abinci ya huce. Ya cinye shi a hakan,
har ya suɗe kwanon waken da gurasa.

Da takardar kuɗi ta zo na kife ta.
"Nawa?"
Na faɗi rabi. Ya yi salati.
Ko kwabo tsohuwar ba ta rage ba,
amma ta biyo mu har bakin mota
da gurasa biyu a takarda.

Gada ta saki.
Fitilu sun fara rawa a kan ruwa.
Baba bai ce komai ba har Obalende,
ƙunshin na kan cinyarsa,
tafinsa biyu a kai,
kada ɗumin ya fita.